Yadda Ake Ɗaukar Hoton Nebula a Sararin Samaniyar Jos

Nebula wani makeken gajimare ne na iskar gas da ƙura da ke can tsakanin taurari, kuma a cikin irinsa ne ake haifar sababbin taurari. Wanda ya fi dacewa da ɗan koyo shi ne na rukunin taurarin Oriyon, wanda masana ke kira M42, mai nisan da haske ke shafe fiye da shekara 1,300 kafin ya ratso zuwa gare mu. Idan ka leƙa shi ta madubin hangen nesa, abin da za ka gani bai wuce ɗan toka-toka kamar hayaƙi ba, domin ido ba ya tara haske. Kyamara ce ke tarawa. Tun a 1880 Henry Draper ya ɗauki hotonsa na farko a Amurka, inda ya bar idon kyamararsa a buɗe kimanin minti 50.

Kafin maganar kaya, a fara da zaɓen dare, domin a nan yawancin mutanenmu ke yin asara. Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, iskarta kuma ta fi ta Abuja sanyi da tsabta, amma daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ne ke rufe sama, daga Disamba kuma hazo ya sauko. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa ƙarshen Nuwamba, sa'ad da damina ta wanke iska, ƙura kuma ba ta yi kauri ba. A tsakiyar Nuwamba Oriyon yana kai ƙololuwarsa wajen ƙarfe 2 na dare, kusan digiri 75 daga ƙasa. Ka bi lissafin watan Musulunci, ka fita tsakanin 26 ga wata da 3 ga sabon wata, lokacin da babu farin wata.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne mazaunin madubin hangen nesa da ke juyawa da ƙaramin inji yana bin taurari, ba madubin kansa ba. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka ba tare da wannan mazauni ba taurari za su zama zare-zare cikin 'yan daƙiƙu. Ƙaramin madubi mai faɗin milimita 60 zuwa 80 ya wadatar. Wahalar Jos ita ce saitin mazaunin, domin tauraron arewa, Polaris, wanda da shi ake yin saitin, bai wuce digiri 10 daga ƙasa ba, kuma dutse ɗaya ko bishiyar mangwaro ta isa ta ɓoye shi. Ka je wurin da rana ka tabbatar arewa a buɗe take. Idan ba ta samu ba, akwai manhajojin da ke gyara saiti ta hanyar auna hotunan wasu taurari.

Sai batun matata, wato gilashin da ake sa wa a gaban kyamara don tace haske. Nebula irin ta Oriyon tana fitar da haskenta a 'yan launuka ƙalilan: jan haidurojin a nanomita 656 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), da shuɗi-kore na oksijin a wajen nanomita 500. Matata mai ƙofa biyu tana barin waɗannan su wuce, ta tare mafi yawan hasken fitilun titi masu amfani da rana da na gidaje, shi ya sa mutum zai iya aiki daga tsakar gidansa a Rayfield ko Bukuru. Sai dai a lura da abu biyu. Ba ta da amfani a kan Kaza da 'Ya'yanta, domin shuɗin hasken da ke kewaye da su na taurarin ne da ƙura ke mayarwa, matata kuwa za ta kashe shi. Kuma ba ta maganin hazo ko kaɗan. Ƙura tana tare hasken tun kafin ya iso madubi, don haka idan ka ga taurarin ƙasa-ƙasa sun dushe, ka tattara kayanka ka je ka yi barci.

Bayan ka daidaita kaifin hoto a kan tauraro mai haske, ka ɗauki hotuna masu yawa na minti 2 zuwa 3 kowanne, har su haɗu su kai awa 2 aƙalla. Tsakiyar Oriyon tana da haske sosai, tana ƙonewa ta zama fari fat, saboda haka ka ƙara wasu gajeru na daƙiƙa 10. Kafin ka naɗe, ka rufe bakin madubi ka ɗauki baƙaƙen hotuna kamar 20 a tsawon lokaci ɗaya da na farko, sannan ka shimfiɗa farin ƙyalle a bakinsa da asuba ka ɗauki wasu, waɗanda za su cire tabon ƙura. Manhajar Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta, ita za ta haɗe su wuri ɗaya.

Raɓa tana sauka sosai a kan tudun nan bayan tsakar dare. Na taɓa ɗaukar hoto 40 ina murna, sai da na haska gilashin da jar tocila na tarar ya yi gumi, rabin aikin ya tafi a banza. Tun daga ranar nake ɗaura masa ɗamarar ɗumamawa da ke jan wuta daga batir. Idan kuma za ka fita bayan gari, wajen Shere ko Riyom, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka fara sanar da mai unguwa da 'yan banga, domin doguwar na'ura a kan ƙafa uku cikin duhu ba kowa ne zai ɗauke ta madubi ba.