Kafin ka sayi kontirolar MIDI: kurakuran da na gaji da gani a situdiyon gida

Duk wanda ya fara haɗa kiɗa a ɗaki, da zarar hannunsa ya gaji da jan linzamin kwamfuta, sai hankalinsa ya koma kan na'ura mai fedoji (maɓallan da ake turawa sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti) da fitilu irin wadda yake gani a bidiyo. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba a zuwa neman shawara sai an riga an biya kuɗi, kwalin ma an yar.

Na farko dai, kontirola, wato wannan na'urar mai fedoji, ba miksa mai haɗa sauti ba ce. Tun da MIDI, wato yaren da na'urorin kiɗa da kwamfuta ke magana da shi, ya fito a 1983, umarni yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti: danna wannan, ɗaga wancan, tsaya. Ba za ka soka makirufo a jikin Korg nanoKONTROL2 ba, kuma ba za ta gyara muryar mawaƙinka ba. In ba ka da katin sauti mai kyau, can ya kamata kuɗin ya fara zuwa.

Babbar asara kuwa tana wurin wanda ya ƙirga fedoji bai tambayi yaren da na'urar take ji ba. Manhajojin haɗa kiɗa irin su Cubase, Logic, Studio One da Reaper suna jin tsarin Mackie Control. Pro Tools shi kuma HUI yake ji, tsarin da Mackie da Digidesign suka fitar a 1997, sai kuma EUCON na kamfanin Avid. Idan na'urar da manhajar suka yi daidai, kana jonawa fedoji za su kama layukan sauti, sunayensu su fito a ɗan allon, maɓallin gaba ya kai ka layuka takwas na gaba. Idan ba su yi daidai ba, ka sayi aiki da kuɗinka. Ni ma na taɓa ɗauko wata 'yar gwanjo don kawai fedojinta sun cika mini ido, mai shago yana ta rantsuwa cewa tana aiki da komai. Tana aiki kam, amma sai na bi kowane maɓalli na koya wa manhaja da hannu, kuma in na ƙara layi ɗaya a waƙa komai ya rikice. Mawaƙi yana zaune yana danna waya, ni ina gumi. A ƙarshe rabin kuɗi na sayar da ita.

Saboda haka, don Allah, daina sayen abin da ka gani a teburin wani. Akai APC40 da Novation Launchpad, waɗanda suka fito a 2009, an tsara su ne bisa allon gutsattsarin kiɗa na manhajar Ableton Live. Kai da FL Studio ka saba, kamar yawancin yaran da nake gani, me zai kai ka? Akwai Akai Fire da aka yi musamman don FL Studio a 2018, akwai kuma FLkey na Novation. Al'adata yanzu ita ce in buɗe saitin MIDI na manhajar, in duba jerin na'urorin da ta sani da suna. Wadda ba ta ciki, kuma ba ta jin Mackie Control, ba na ko taya ta.

Sai maganar feda mai inji, wadda ke motsi da kanta, da marar inji, wadda masu sayarwa ba sa son a tayar. A nanoKONTROL2, Akai MIDImix ko Launch Control XL, feda tana nan inda hannunka ya bar ta. Ka sauke ta ƙasa a kan ganga, ka matsa zuwa layin murya wanda yake sama a manhaja, kana taɓa ta muryar ta faɗi warwas, aikin da ka ɓata dare kana daidaitawa ya tafi. Maganinsa yana cikin saiti: Ableton da FL Studio duk suna da zaɓin da zai hana fedar yin tasiri har sai ta iso inda ta manhaja take. Kunna shi tun ranar farko. Ga kuma wata matsalar: saƙon MIDI na yau da kullum matakai 128 kawai yake da su, daga 0 zuwa 127, don haka a gajeriyar feda ɗan motsi kaɗan sai ka ji murya ta yi tsalle. Fedojin Mackie Control sun fi wannan laushi nesa ba kusa ba, kuma masu injin suna tashi da kansu su koma inda waƙar take.

Wasu za su ce na cika tsauri, amma ni feda ɗaya mai inji, mai tsawon milimita 100, irin ta PreSonus FaderPort ko Behringer X-Touch One, ta fi mini takwas marasa inji. Murya ɗaya kake bi a lokaci guda, kana ɗaga ƙarshen baiti kana sauke amshi. Yaushe rabon da ka ja fedoji takwas tare? Marasa injin suna da ranarsu wurin murɗa sautin kayan kiɗa, ba wurin haɗa waƙa mai layuka arba'in ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cinye yini. Ka kunna ƙofar shiga ta MIDI a saitin manhaja ka manta ta fita, sai fitilu su ƙi kamawa, fedoji su ƙi motsi. Ka bar manhaja tana ɗaukar kontirolar a matsayin fiyano, kana danna maɓallin tsayawa kana jin kiɗa, domin maɓallan Mackie Control saƙon noti suke aikawa, irin na maɓallan fiyano. Wayar USB ta caji zalla ba ta ɗaukar bayanai, nemo ta gaske. Masu inji suna buƙatar wutarsu daban, kada ka jona su kai tsaye a janareto ba tare da sitabilaiza ba. Auna teburinka kafin ka ɗauko babbar X-Touch. In hunturu ya shigo kuma, rufe ta da ƙyalle duk sanda ka tashi, domin ƙura ta ramin fedar take shiga, kuma feda ce ke fara lalacewa.