Masu zuwa gudun fanfalaki na Legas don tara kuɗin taimako, ga inda kuke ɓata lamarin

Da zarar an gama kai amfanin gona gida, sai ka ji wani saurayi a ƙauyukanmu na wajen Gumel ko Ringim ya ce zai je gudun fanfalaki na Legas don a tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse ko rufin Islamiyya. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka. Sai dai kuskuren da wancan ya yi bara shi wannan yake maimaitawa bana, har bakina ya gaji da faɗa a majalisa.

Tun 2016 ake wannan gasa, galibi a watan Fabrairu, bankin Access ke ɗaukar nauyinta. A shekarun baya, daga babban filin wasa na Surulere aka riƙa tashi, a bi ta gadar Third Mainland, a ƙare a unguwar Eko Atlantic da ke bakin teku. Kilomita 42 ne da mita 195. Amma abin da ya fi kayar da yaranmu kuɗin ne, tun kafin a je ga ƙafa.

Alkawari ba kuɗi ba ne. Alhaji zai ce maka "je ka dawo, ɗana, ina nan", mai shago ya ce "rubuta mini dubu goma", kai kuma ka lissafa kamar sun shiga hannu. Ni haka na tara alkawura na faɗa wa kwamiti jimilla, aka kira mai gyaran famfo ya kwance komai. Da na dawo karɓa, bazara ta kawo kai, kowa hankalinsa na kan taki da iri. Wasu suka ce sai kaka. Ragon da nake kiwo don layya shi ya cike giɓin. Don haka ka karɓi kuɗinka tun kafin ka hau mota, lokacin da gero da riɗi ke hannun mutane. Wanda bai bayar ba, kada sunansa ya shiga lissafi.

Sannan don Allah wane ne ya ce maka ka riƙa karɓar kuɗin jama'a a asusunka na kanka? Da shi kake sayen kati, da shi kake cefane, ranar da aka ce kawo lissafi sai ka hau kame-kame. Ko kwabo ba ka ci ba, magana ta riga ta zaga gari. Abin da nake yi shi ne, kafin komai in je gaban mai unguwa da liman in faɗi aikin da kuɗin da ake nema. A sa dattijo ɗaya ya riƙe littafi, wani daban ya riƙe kuɗi, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Kuɗin mota da masauki kuwa daga aljihuna suke fita. Wasu na ganin babu laifi a cire daga abin da aka tara. In za ka yi hakan, faɗa tun ranar farko.

Sai yanayi. Kana atisaye da asuba cikin hunturu, iska busasshiya, gumi na bushewa kafin ka ji shi, sai ka ɗauka ka zama gwani. Iskar Legas a jiƙe take, gumi ya zauna maka a jiki, zafi ya rasa hanyar fita. Gadar nan kusan kilomita 12 ce, babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. Kuma ƙafar da ta saba da rairayin burtali, kwalta na dukanta har gwiwa. Ni wasu ranakun sai hantsi ya ɗaga nake fita, a gefen titin kwalta, ina fuskantar motocin da ke tahowa. Ranar gasa ka sha ruwa a duk inda ake rabawa, kada ka jira ƙishirwa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa sabon takalmi ranar gasa. Kada ka bi 'yan Kenya da Habasha in an tashi, sana'arsu ke nan. Fura da nono mai yawa ko tuwo da safen ranar, a'a. Shafa basilin a cinyoyi da hammata. Je asibiti a auna maka jini tukuna, musamman in ka haura shekara 40. Duba kalanda ma, domin azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, yana iya cin lokacin atisayenka.

Kuma daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Wanda ya kwana a zaune cikin mota ya sauka da kumburarrun ƙafafu ba zai yi gudun kirki washegari ba. Isa da kwana biyu a hannu, ka karɓi lambarka, ka yi barci.