Yadda na gyara jan wutsiyar taurari a hoton Oriyon

Alhamdulillahi, an samu kan matsalar. Duk hoton gajimaren Oriyon, M42 (gajimaren gas da ƙura a rukunin taurarin Oriyon), da ɗaukarsa ta wuce daƙiƙa 20 sai taurarin su fito da wutsiya kamar ƙwayar shinkafa, duk sun karkata gefe guda. Na zargi iska, na rataya jakar yashi a ƙafafun na'urar bin taurari, wadda ke juya kyamara tana bin tafiyarsu. Na canza batir. Shiru.

Ashe saitin sandar da na'urar ke juyawa a kanta ne bai dace da arewa ta gaskiya ba. A Maradi tauraron arewa digiri 13 da rabi kawai yake bisa ƙasa, hazon hunturu kuwa yakan shafe shi ƙaf, don haka da kamfas nake saiti, shi kuma kusa yake kai mutum, ba daidai ba.

Na fara da daidaita ƙafafun da ma'aunin ruwa, na sa tsayin sandar a digiri 13.5. Sai na kama tauraro ɗaya na ɗamarar Oriyon (taurari ukun nan da ke jere a tsakiyarsa) lokacin da ya kai tsakiyar sama, na bar shi minti 5 ina kallo a allon kyamara. Ya zame kudu, wato sandar ta yi gabas da yawa. Na juya sukurun gefe, ina kai sandar yamma kaɗan-kaɗan har tauraron ya tsaya cak. Daga nan na koma kan wani tauraro can ƙasa a gabas: ya zame arewa, sandar ta yi sama, na sauke ta.

Yanzu da gilashin kyamara mai milimita 200, ISO (ƙarfin karɓar haske) 800, ɗauka ta daƙiƙa 90, taurarin ɗigo-ɗigo suke fitowa. Godiya ga maƙwabcina da ya kashe mini fitilar ƙofar gidansa.