Darasi Na Shida: Sharar Gona Da Adda

Idan bazara ta yi nisa, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, manomi kan ɗauki adda ya share gona kafin ruwan shuka ya sauka. Adda ta isa ga sabara, kalgo, geza da rassan magarya. Iccen da ya fi damtsen hannu kauri kuwa, aikin gatari ne. Wanda ya matsa wa adda a kansa zai koma gida da ita da giɓi, ko ƙota a tsage.

Kafin ka fita, girgiza ƙotar. In tana motsi, kai wa maƙeri ya ƙara mata ƙusa. Da sifirin mota maƙeranmu suka fi ƙera adda. Ƙarfe ne mai riƙe kaifi, sai dai yana saurin tsatsa. Wasa ta a dutse kana yayyafa ruwa, sau goma wannan gefe, sau goma wancan. Kada ka yi mata kaifin aska. Bakin da ya yi siriri da yawa lanƙwashewa yake yi da zarar ya gamu da busasshen icce.

Wajen sara ne mutane suka fi kuskure. Kada ka sari icce da bakin adda a miƙe, domin za ta yi tsalle ta dawo maka. Karkata ta, kamar mai fiƙe alƙalami. Sari ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, har tsakiyar ta ɓare ta fita. Wurin da ya fi cin icce yana gaba da tsakiyar baki kaɗan, ba tsinin ba, ba kuma kusa da ƙota ba. Bar nauyin adda ya yi aikin. Wanda ke sara da ƙarfin kafaɗa kafin hantsi ya gaji, kuma gajiyayyen hannu shi ke sarar ƙafa.

Mai sara da dama ya ja ƙafar hagu baya, nesa da inda adda za ta faɗa in ta goce. A hannun hagu riƙe sanda mai ƙugiya, tsawon kamu uku. Da ita za ka kwantar da reshe kafin ka sara, da ita za ka janye ƙaya. Ka kuma bubbuga gindin daji da ita tukuna, saboda kububuwa na son kwanciya a ƙarƙashin busasshen ganye. Yaro ko abokin aiki ya tsaya nesa da kai taku biyar. Kada bakin adda ya riƙa shiga ƙasa. Rairayin jigawa yana cinye kaifi fiye da icce.

Ba kowane tsiro ake kawarwa ba. Ɗan gawo a bar shi, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ga taki. A kututturen sabara ko kalgo zaɓi rassa biyu ko uku mafi miƙewa ka bari, ka sare sauran. Manoman yankin Maradi a Nijar suna yin haka tun shekarun 1980, kuma itatuwa sun dawo gonakinsu.

In za ka faskara ɗan guntun icce don girki, tsayar da shi a kan gungume, ɗora bakin adda a kai, ka doki bayanta da wani icce. Kada ka doka da dutse ko ƙarfe, tana iya karyewa.

Idan an yi tsautsayi, danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, wanke da ruwa da sabulu. Ban da zuba ƙasa ko toka. Je asibiti a ranar, a duba ko sai an yi ɗinki da allurar tetanus.

Da yamma goge ruwan icce daga jikin adda, shafa mata ɗan mai, ka rataye ta inda hannun yara ba ya kai.