Yadda ake sa foldar NFS ta riƙa jona kanta a Linux

Foldar NFS ita ce foldar da ke zaune a wata kwamfuta, wato uwar garke, kai kuma kana shigarta daga taka ta hanyar sadarwa. Duk wanda ya taɓa rubuta ta kai tsaye a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a jona in kwamfuta ta tashi, ya san ciwon kan da ke ciki: ranar da uwar garke ta mutu, kwamfutarka sai ta tsaya cak wajen tashi, tana jiran gawon shanu. NFS tsohon hannu ne, tun 1984 kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi, kuma ba shi da laifi a nan. Yadda aka jona shi ne matsalar. Manhajar autofs ba ta jona folda sai an neme ta, in an daɗe ba a taɓa ta ba kuma ta sake ta.

Fara da sauke abin aiki. A Debian da Ubuntu:

`sudo apt install nfs-common autofs`

A Fedora kuwa `sudo dnf install nfs-utils autofs`.

Kafin ka taɓa autofs, gwada da hannu tukuna. A ce adireshin uwar garken 192.168.1.10 ne:

`sudo mount -t nfs 192.168.1.10:/srv/fayiloli /mnt`

In ya ƙi, kada ka ci gaba. Duba ko an ba kwamfutarka izini a /etc/exports na uwar garken, da ko ƙofar sadarwa (port) ta 2049 a buɗe take. In ya yi, cire shi da `sudo umount /mnt`.

Sai ka buɗe /etc/auto.master ka ƙara wannan layin:

`/nfs /etc/auto.nfs --timeout=300`

Wato duk abin da ke ƙarƙashin /nfs, a nemi bayaninsa a /etc/auto.nfs, a kuma sake shi bayan daƙiƙa 300 ba motsi. Ƙirƙiri wannan fayil ɗin ka rubuta:

`aiki -fstype=nfs,rw,hard 192.168.1.10:/srv/fayiloli`

Kalmar aiki ita ce sunan da foldar za ta fito da shi a ƙarƙashin /nfs. Kalmar hard kuma tana da muhimmanci. Da ita, in hanya ta yanke, kwamfuta za ta yi ta jira har uwar garke ta dawo. Da soft za ta haƙura ta ba da kuskure, abin da ka iya lalata fayil ana tsakiyar rubuta shi. Ni dai in ana rubutu a foldar, gara jira da asara.

Tayar da shi da `sudo systemctl restart autofs`, sannan `sudo systemctl enable autofs` don ya riƙa tashi tare da kwamfuta.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ka buga `ls /nfs`, ka ga wayam, ka ce aiki ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Buga `cd /nfs/aiki`, nan take fayilolin za su bayyana. Kada ka ƙirƙiri foldar aiki da kanka, autofs ce ke da wannan hurumin. In kana son sunan ya riƙa fitowa tun ba a jona ba, ƙara --ghost a ƙarshen layin auto.master.

In foldojin suna da yawa, layi ɗaya a /etc/auto.nfs ya ishe ka:

`* -fstype=nfs,rw 192.168.1.10:/srv/&`

Duk sunan da ka buga bayan /nfs/, shi zai maye gurbin alamar &.

Idan har yanzu ya ƙi, tsayar da shi da `sudo systemctl stop autofs`, ka buga `sudo automount -f -v`. Buɗe wata tagar umarni ka gwada shiga foldar, kana kallon ta farkon. Yawanci harafi ɗaya ne ya kuskure a auto.nfs, kuma za ka gan shi ƙuru-ƙuru a kan allo.