Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen shukokin ado a gida mai ƙaramin fili

Yawancin shukokin adon da ke mutuwa a tsakar gida, tun wurin saye aka tafka kuskuren. Mutum ya tsaya gun masu furanni a bakin titi, ya ɗauki wadda ta fi sheƙi, bai lura cewa a inuwa take ana ba ta ruwa safe da yamma ba. A Kano ko Damagaram kuwa sai a yi wata 7 zuwa 8 ba ruwan sama. Abin tambaya shi ne, kwana nawa za ta jure ba ban ruwa a zafin Afrilu? Ixora, wata shukar ado mai dunƙulen ƙananan furanni, tana da kyau, amma tana son danshi, kuma a ƙasa mai kanwa ganyenta rawaya yake komawa. Wanda ba shi da lokaci ya nemi lalle, kariya (shukar nan mai kumburarren gindi), rumman ko bougainvillea (wata shuka mai yaɗo da yawan furanni).

Sai rashin lissafin girma. 'Yar shukar da ke cikin leda ba haka za ta tsaya ba. Lalle in an ƙyale shi yakan wuce mita 3, don haka a riƙa sare kansa ya tsaya a mita ɗaya da rabi. In shinge ake so, a ba da tazarar santimita 50. Bougainvillea ƙaya gare ta, kada a sa ta a hanyar wucewar yara, a bar mita ɗaya tsakaninta da katanga. Darbejiya kuwa bishiya ce, saiwarta na tsaga daɓe, ba ta ƙaramin gida ba ce.

Dashe a bazara asara ce. A jira damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami santimita 40 zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya taki, kashi uku ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A tsaga ledar a cire ta, a dasa daidai zurfin da shukar take a ciki, kada a binne wuyanta.

Ban ruwa shi ne inda aka fi ɓata aiki, kuma abin takaici, yawanci masu ƙaunar shukar ne ke yi. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka tsallake sai shuka ta yi yaushi. Gara a zuba bokiti guda, kamar lita 10, sau biyu a mako a ranin farko, ruwan ya nutse sosai, daga baya a koma sau ɗaya. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin shukar saboda gara. Kariya ma ruwan ne ke kashe ta: in ka matsa kumburarren gindinta ka ji ya yi taushi, ruɓa ta fara, a dakatar da ruwa, a mai da ita ƙasa mai rairayi. Bougainvillea da ta ƙoshi da ruwa da taki ganye kawai take yi, ba fure. Ruwan wanki mai omo kuma yana tara gishiri a ƙasa.

Kada a manta da guba. Ƙaron kariya guba ne, a wanke hannu bayan yanka ta. 'Ya'yan bini-da-zugu yara kan ci su kamar gyaɗa, su kamu da amai da gudawa mai tsanani. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, lalle da rumman sun fi dacewa da shi.