Yadda za ka auna ko hanyar da kayanka ke biyowa abin dogaro ce

Duk mai butiki ko magaza a nan Tawa bai manta abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, kamiyo suka yi dogon layi a Malanbil, garin Benin da ke bakin iyaka, da kaya a ciki, shinkafa, mai, sukari har da magani. Ni a lokacin mutum uku nike sarin kaya wurinsu, hankalina kwance wai ko ɗaya ya kasa akwai biyu, ashe su ukun duk ta gadar Gaya da ta haɗa mu da Benin kayansu ke ƙetarowa, rana ɗaya suka tsaya gaba ɗaya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa nike so in nuna ma ƴan uwa lissafin da nike yi yanzu. Kaye da alƙalami kawai ake buƙata.

Fara da zana hanyar. Ɗauki kaya guda, ka ce shinkafa, ka bi ta da baya tun daga magazarka har tashar jirgin ruwa. Wa ya sayar maka, shi kuma a wurin wa ya saro, ta Kwatanu ta shigo ko ta Lome, ko kuwa ta Illela da Ƙonni, wace duwan ta tsaya, motar wa ta ɗauko ta daga Yamai ta bi Doso da Dogonduci ta iso nan. Kowane wuri da kaya ke iya maƙalewa ka yi mishi da'ira. Wasu dillalai ba su son faɗin inda suke saro kaya, to kar ka matsa, tambayi direba, shi ya san inda ya yi lodi kuma ba ya ɓoyewa.

Na biyu, koma ga zuwan kaya goma na baya. Duba saƙonnin WhatsApp da takardun biya, ka rubuta ranar da aka yi maka alkawari da ranar da kaya suka sauka. Zuwan da ya iso kan lokaci kuma cikakke shi kaɗai za ka ƙirga. In ka yi odar buhu 100 aka kawo 70 aka ce saura na hanya, wannan bai shiga ba, ko da mai kayan amininka ne. In takwas cikin goma sun cika sharaɗi, ka rubuta 8/10.

Na uku shi ne inda mutane ke ruɗewa, don Allah a karanta a hankali. Matakan da ke jere, wanda dole sai kaya sun wuce wannan kafin su kai wancan, ninka su ake yi, ba a tara su a raba. Misali kawai: fitowa daga tasha 9/10, hanya da iyaka 8/10, motar Yamai zuwa Tawa 9/10. Kowane in ka dube shi shi kaɗai sai ka ce alhamdu lillahi ba laifi, amma 9 sau 8 sau 9 ya ba da 648 cikin 1000, wato wajen 65 cikin 100. Kusan zuwa ɗaya cikin uku zai ba ka matsala ke nan, alhali babu mutum ɗaya a layin da za ka nuna ka ce shi ne mara kirki.

In kuma kana da hanya biyu da ke iya maye gurbin juna, lissafin juyawa yake, sai ka ninka kasawarsu. Dillali biyu, kowane na kasawa sau 2 cikin 10, su kasa tare 4 ne cikin 100, ka samu 96. Amma fa wannan 96 ɗin gaskiya ce kawai in ba su haɗa komai ba. Koma ga zanenka ka duba da kyau, in layukansu sun haɗu a gada ɗaya, duwan ɗaya, ko babban ɗan kasuwa ɗaya a Yamai da duk suke saro wa wurinshi, to a wannan wurin hanya ɗaya gare ka, ka lissafa shi a matsayin ɗaya. Nan ne na yi kuskure a 2023. Ko bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 gadar Gaya ba ta buɗe ba, kaya da yawa suka koma Lome su ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja, kuma ayarin nan in ya tsaya jira, kowa ya tsaya.

Na huɗu, kwanaki. Kar ka tsaya kan yawanci kwana 12 yake yi, duba mafi muni a cikin goman nan. In kana sayar da buhu 5 a rana, kwana 12 buhu 60 ne, amma in akwai zuwan da ya ci kwana 25 to buhu 125 ne ya kamata su kasance a ƙasa ranar da za ka yi sabuwar oda. Na sani ba kowa ke da jarin ajiye haka ba, kuɗi ne a kwance, ga ɓera ga zafi. Ko ba ka iya cike giɓin, ka san girmanshi tukuna.

Daga nan sai ka bi da'irorin nan ɗaya bayan ɗaya kana tambaya biyu: in wannan wurin ya toshe yau, kwana nawa zan ci gaba da sayarwa da abin da ke hannuna, kuma kwana nawa kafin in samo kaya ta wata hanya? In na farko ya fi na biyu, wuce. In na biyu ya fi, ja mishi layi ja, nan za ka fara neman mafita, ko lambar wani mai kamiyo, ko wani dillali a Maraɗi da kayanshi ke shigowa ta Katsina.

Kuma kar ka haɗa lissafin rani da na damina a shafi ɗaya. Daminar 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita Yamai, kowa ya gani. Azumi da gabanin Layya ma shafinsu daban, motoci na ƙaranci, kuɗin lodi na hawa. Masu tura albasar Galmi zuwa Gana da Abijan su ma lissafin ɗaya ne, sai dai su kwanakin jiransu kaɗan ne tunda albasa ba ta haƙuri cikin buhu, sai su sa adadin kwanan da take ɗauka kafin ta fara ruɓa a gurbin kwanan da kaya ke ƙarewa a magaza.

Duk wata uku ka sake lissafin da sababbin zuwa goma, ka goge tsofaffin. In ko ka ji an rufe wata iyaka ko an canza hanyar ayari, kar ka jira wata ukun, buɗe kayen a daren nan ka sake zanen tun daga farko.